Katsalandan ɗin Mahaɗin Samfur: Abin da Ke Sa Na'urar Gwajin Jini Mafi Inganci Ta Yi Kuskure

A kowace safiya ana ɗibar jini da fitsarin marasa lafiya a Asibitin Tarayya da Asibitin Ƙwararru da ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kamar yadda ake yi a sauran asibitocin ƙasar nan. Yawancin gwaje-gwajen na yau da kullum ne: zazzaɓin cizon sauro, sukari, rukunin jini da makamantansu. Akwai kuma tambayoyin da ƙananan na'urori ba sa iya amsa su ƙwarai. Shin wannan matashin ya sha tiramadol? Gubar dalma nawa ce a jinin wannan yaron? Maganin da majinyaci ke sha ya kai adadin da zai yi aiki a jikinsa, ko ya zarce har ya zama guba?

Na'urar da duniya ta fi dogara da ita wajen irin waɗannan tambayoyi ita ce mas-sifektiromita, wato na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Kotuna da likitoci da hukumomin wasanni suna ɗaukar sakamakonta a matsayin hujja ta ƙarshe. Sai dai tana da wani rauni da masana suka daɗe da sani, wanda kuma mai karɓar takardar sakamako ba ya ganin alamarsa: jinin ko fitsarin da ake gwadawa yana iya sauya abin da na'urar ke karantawa. Wannan shi ake kira katsalandan ɗin mahaɗin samfur.

Yadda na'urar take aiki

Tushen wannan fasaha ya faro ne a Ingila. A shekarun 1912 zuwa 1913 J. J. Thomson ya nuna cewa ana iya rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu idan suna ɗauke da cajin lantarki. Almajirinsa Francis Aston ya ƙera ingantacciyar na'ura a 1919, ya kuma sami kyautar Nobel a 1922. Amma gwada ruwan jikin ɗan Adam bai zama abu mai sauƙi ba sai a shekarun 1980, lokacin da John Fenn na Amurka ya inganta hanyar feshin lantarki, aikin da ya sa ya sami kason kyautar Nobel ta 2002.

A yau aikin yana tafiya ne mataki uku. Da farko ana tura samfurin ta cikin wani siririn bututu da ke cike da ƙananan ƙwayoyi, inda sinadarai ke rabuwa, wasu su riga fita, wasu su yi jinkiri. Ana kiran wannan kuromatogirafi. Na biyu, ruwan da ya fito yana bi ta wata allura mai ɗauke da lantarkin da ya kai bolt dubu 3 zuwa dubu 5, ya tarwatse ya zama feshi, zafi da iskar naitirojin su busar da ɗigon, har ƙwayoyin sinadarin su tashi da caji a jikinsu. Ƙwayar da ta ɗauki caji ita ake kira ayon. Na uku, na'urar tana rarrabe waɗannan ayon bisa nauyi, ta farfasa waɗanda ake nema, ta auna gutsattsarinsu, sannan ta ƙirga su. Haɗakar waɗannan matakai ita ce ake rubutawa LC-MS/MS a takardun sakamako.

Abin lura shi ne, na'urar ba ta ganin komai sai abin da ya ɗauki caji. Duk ƙwayar da ba ta sami caji ba, a wurinta babu ita.

Mene ne mahaɗin samfur?

Masana suna kiransa matiriks. Ma'anarsa ita ce duk wani abu da ke cikin samfur in ban da wanda ake nema. Idan ana neman tiramadol a jini, to ruwa da gishiri da furotin da kitse da sukari da sauran magungunan da mutumin ya sha, har da sinadarin da aka zuba a kwalbar ɗibar jini don hana shi daskarewa, duk mahaɗi ne.

Yawan wannan mahaɗi ya ninka abin da ake nema nesa ba kusa ba. Lita ɗaya ta ruwan jini tana ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80. Maganin da ake nema kuwa wani lokaci bai wuce nanogiram 10 a mililita ba. Idan aka kwatanta, furotin ya ninka shi kusan sau miliyan 7, tamkar a ce ana neman ƙwayar dawa ɗaya ko biyu a cikin buhun gero.

Kowane ruwan jiki da irin nasa mahaɗin. Jini yana da furotin da wani nau'in kitse da ake kira fosfolifid, wanda shi ne ke gina bangon ƙwayoyin halitta, kuma shi ne kan gaba wajen damun gwajin ruwan jini. Fitsari ba shi da furotin sosai a jikin mai lafiya, amma yana cike da gishiri da yuriya, kuma kaurinsa yana sauyawa ƙwarai daga safe zuwa yamma. Yawu yana da majina da ragowar abinci. Nonon uwa yana da mai. Saboda haka hanyar gwajin da ta yi daidai a jini ba lallai ta yi daidai a fitsari ba.

Danniya da zuzutawa

Ana iya fahimtar abin da ke faruwa a bakin allurar feshi da misalin mashigin Kogin Binuwai a Ibi. A ce mai ƙidaya yana zaune a ɗaya gaɓar, yana ƙirga 'yan wani gari da suka tsallako a kwalekwale. Ranar da mashigi ba kowa, duk 'yan garin za su sami wurin zama, ƙidaya ta fito daidai. Ranar kasuwa kuwa, fatake da kayansu za su cika jirgi, a bar wasu 'yan garin a baya. Mai ƙidaya bai yi kuskuren lissafi ba, amma adadin da zai rubuta ya gaza na gaskiya.

Haka abin yake a ɗigon feshi. Cajin da ke saman kowane ɗigo ƙayyadadde ne, wurin ma ƙayyadadde ne. Idan fosfolifid ko gishiri ya fito daga bututu a daidai lokacin da maganin da ake nema ya fito, sai su yi rububin caji. Wasu sinadaran kuma suna hana ɗigon bushewa da wuri, ko su daskare tare da maganin. Sakamakon shi ne alamar maganin ta ragu. Wannan ita ce danniyar ayon. Paul Kebarle da Liang Tang na Jami'ar Alberta da ke Kanada suna cikin waɗanda suka fara bayyana wannan gasa dalla-dalla a 1993.

Wani lokaci akasin haka ne ke faruwa: mahaɗin ya taimaka wa maganin ya ɗauki caji fiye da yadda zai ɗauka a ruwa mai tsabta, alamar ta ƙaru fiye da kima. A na'urar da ke amfani da iskar gas, wato GC-MS, an fi ganin irin wannan zuzutawa, domin mahaɗin yana rufe wuraren da ke kama maganin a bakin na'urar, sai mai yawa ya isa wurin ƙidaya.

Haɗarin danniya shi ne ba ta barin shaida. Zanen da ke fitowa a fuskar kwamfuta yana iya zama tsaf, ba wata tabo, alhali an danne rabin alamar.

Sinadarai masu nauyi ɗaya

Akwai nau'i na biyu na katsalandan, wanda ya fi kusa da kama mutum da laifin mai kama da shi. Sinadarai biyu suna iya zama da nauyi ɗaya, har ma su farfashe iri ɗaya.

Tiramadol misali ne sananne. A na'ura yana bayyana da nauyi 264, kuma idan an fasa shi yana ba da gutsure mai nauyi 58. Wanda ke shan benlafaksin, wani maganin ciwon damuwa da likitoci ke rubutawa, hantarsa tana mayar da maganin wani sinadari da shi ma nauyinsa 264 ne, gutsurensa 58. An ruwaito a mujallun likitanci yadda hakan ya sa aka ga tiramadol a fitsarin waɗanda ba su sha shi ba. Idan bututun rarrabewa bai raba su ba, majinyacin da ke bin umarnin likita zai iya fitowa a takarda a matsayin ɗan ƙwaya.

Haka kodin da haidirokodon, nauyinsu ɗaya ne, 300. Mofin da haidiromofon su ma ɗaya ne, 286. Akwai kuma misalin da ya shafi kusan kowane gida a Arewa. Goro da shayi, har da ganyen shayin da ake nomawa a Kakara a kan Tsaunin Mambila, suna ɗauke da kafin. Jiki yana mayar da mafi yawan kafin wani sinadari mai suna faraksantin, wanda nauyinsa daidai yake da na tiyofilin, maganin da ake ba masu cutar asma. Tiyofilin kuwa magani ne da tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. Idan aka haɗa su wuri ɗaya a ƙidaya, dattijon da ke cin goro zai bayyana kamar maganin ya yi masa yawa, likita ya rage masa abin da yake buƙata.

A gwajin ƙarafa ana amfani da wata na'urar, ICP-MS, wadda ke ƙona samfur a cikin harshen iskar argon mai tsananin zafi. A nan argon mai nauyi 40 yana iya haɗuwa da kulorin mai nauyi 35 na gishirin fitsari, su ba da nauyi 75, wanda shi ne nauyin asenik. Idan ba a ɗauki mataki ba, gishirin fitsari kaɗai zai iya bayyana a matsayin guba.

Abin da ke kan gaba ga talaka

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Daga cikinsu kimanin miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai sa maye. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tun bayan da Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancin hukumar NDLEA a Janairun 2021, hukumar tana kira da a riƙa gwajin ƙwaya ga masu neman aiki da ɗalibai da 'yan takara da masu shirin aure.

Ke nan yawan waɗanda makomarsu ke rataye a kan takardar gwaji yana ƙaruwa. Gwajin farko da aka saba yi shi ne na tsinke ko kofi, wanda ke ba da amsa cikin 'yan mintuna. Wannan gwajin tacewa ne kawai, kuma an san magungunan da ke ruɗa shi: efabirenz, maganin cutar ƙanjamau, yakan bayyana kamar tabar wiwi a wasu tsinkayen, rifamfisin na tarin fuka kuma kamar dangin mofin. Shi ya sa ƙa'ida ta tanadi a tabbatar da duk sakamakon da ya nuna akwai ƙwaya a na'urar auna nauyi. Idan ita ma na'urar tabbatarwar ta karkace, babu wata kotun ɗaukaka ƙara bayanta.

Ga misali da lissafi. A tsarin gwajin ma'aikatan gwamnati a Amurka, iyakar tabbatar da wiwi a fitsari ita ce nanogiram 15 a mililita. A ce ainihin abin da ke fitsarin wani 20 ne, mahaɗi ya danne kashi 40 cikin 100 na alamar, ba a kuma gyara ba. Na'ura za ta rubuta 12, a sallame shi a matsayin wanda ba ya sha, ko da direban babbar mota ne. A ce kuma na wani 12 ne, mahaɗi ya zuzuta alamar da kashi 30 cikin 100. Za a rubuta 15.6, ya rasa aiki ko gurbin karatu.

Jinin mutane ba iri ɗaya ba ne

Da a ce danniyar daidai take a kowane samfur, da an cire ta da lissafi an huta. Matsalar ita ce tana bambanta daga mutum zuwa mutum, har ma daga safiyar mutum ɗaya zuwa yammacinsa. Yanayin Taraba yana nuna hakan a fili.

Cutar sikila da zazzaɓin cizon sauro suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke cikinsu ya zuba a ruwan jini. Ciwon hanta da shawara suna ƙara sinadarin bilirubin. Wanda aka ɗebi jininsa bayan ya ci abinci mai maiƙo, ruwan jininsa yakan yi fari kamar madara. Ciwon ƙoda yana tara abubuwan da ya kamata a ce sun fita da fitsari. Mai azumi a zafin Maris da Afrilu a Jalingo fitsarinsa yakan yi kauri, gishirinsa ya ninka na wanda ya sha ruwa ya ƙoshi. Masu haɗa maganin asibiti da jiƙe-jiƙen gargajiya kuma suna ƙara wa jininsu sinadaran tsirrai waɗanda kamfanin da ya tsara hanyar gwajin a Turai bai taɓa cin karo da su ba.

Akwai kuma batun kaurin jini, abin da ma'aikatan asibiti ke kira PCV. A wuraren da ke nesa da ɗakin gwaji ana ɗiga jini a kan takarda ta musamman, a busar, a aika. Jini mai kauri ba ya bazuwa sosai a takarda, na mai ƙarancin jini kuwa yana bazuwa da faɗi. Idan aka huda da'ira mai girma ɗaya daga takardun biyu, yawan jinin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Mazauna tudu irin Gembu jininsu yakan fi na mazauna kwarin Binuwai kauri, mace mai ciki ko yaron da maleriya ta kwantar kuwa nasu ya fi tsinkewa.

Tafiya ma tana da nata tasirin. Waɗannan na'urori masu tsada ne, suna buƙatar lantarki mara yankewa da iskar gas mai tsabta da ƙwararru, shi ya sa aka fi samun su a manyan cibiyoyi irin ɗakunan gwajin hukumar NAFDAC da na NDLEA a Legas da wasu cibiyoyin bincike. Samfurin da ya taso daga Jalingo zuwa Abuja ko Legas zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Zafi da girgizar mota suna farfasa ƙwayoyin jini, ƙwayoyin cuta suna ci gaba da aiki a fitsari, har suna iya samar da giya a samfurin da ke da sukari idan ba a zuba masa sinadarin adanawa ba. Mahaɗin da ya isa ɗakin gwaji ya riga ya bambanta da wanda ya fita daga jikin majinyaci.

Darasin Zamfara

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, sannan daga baya Bagega. Dalili shi ne gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ƙaramar na'urar hannu da aka yi aiki da ita a ƙauyukan ba ta iya karanta abin da ya wuce maikirogiram 65 a desilita, alhali jinin yara da yawa ya zarce haka nesa. Likitoci kuwa suna buƙatar ainihin adadin don sanin wanda za a fara yi wa magani da kuma ko maganin yana aiki. Dabarar da ma'aikatan suka yi ita ce tsarma jinin yaron da wani jinin ɗan Adam da aka tabbatar dalmarsa kaɗan ce, domin abin da na'urar ke karantawa ya ci gaba da zama jini. Daga baya cibiyar CDC ta Amurka ta kwatanta sakamakon wannan dabara da na ICP-MS a ɗakin gwajinta. Wannan shi ne ainihin abin da masana ke kira daidaita mahaɗi.

A 2017 kuma hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin wannan na'urar hannu tana iya rage adadin dalma a jinin da aka ɗiba ta jijiya. Bincike ya kai ga wani sinadari da ke cikin robar murfin wasu kwalaben ɗibar jini. Na'urar hannun ba ta auna nauyi ce ba, amma darasin ya shafi kowa: kwalba da murfinta ma mahaɗi ne. Ga jiha irin Taraba, inda ake haƙar ma'adanai da hannu kuma akwai dalma a yankin Arufu da Akwana na ƙasar Wukari, wannan tarihi abin kiyayewa ne.

Yadda ake gano katsalandan

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko, wadda Bonfiglio da abokan aikinsa suka bayyana a 1999, ita ce a riƙa ɗura maganin da ake nema cikin na'ura ba yankewa, har alamarsa ta miƙe a layi ɗaya, sannan a tura samfurin jinin da ba shi da maganin. Duk inda layin ya nutse, nan ne mahaɗi ke danniya. Wannan yana nuna wa mai gwaji lokacin da ya kamata ya kauce masa.

Ta biyu, wadda Matuszewski da abokan aikinsa suka tsara a 2003, ita ce ke ba da adadi. Ana zuba magani daidai wa daida a ruwa mai tsabta da kuma a jinin da aka riga aka tace, a kwatanta alamomin biyu. Idan ruwa ya ba da 100, jini ya ba da 60, an danne kashi 40 ke nan. Muhimmin abin da suka jaddada shi ne a maimaita wannan da jinin mutane daban-daban, domin bambancin da ke tsakanin mutane shi ne ya fi haɗari.

Yadda ake magance shi

Mataki na farko shi ne tsaftace samfur. Hanya mafi arha ita ce zuba wani sinadari da ke daskarar da furotin, amma tana barin fosfolifid kusan gaba ɗaya. Tatsar maganin da wani ruwa da ba ya gauraya da jini, ko tace shi ta cikin ƙaramin mazurari mai kama magani ya saki datti, sun fi tsaftacewa, sun kuma fi tsada da cin lokaci.

Na biyu shi ne ba bututun rarrabewa isasshen lokaci. Ɗakin gwajin da ke gaggawar gama samfur cikin minti ɗaya ko biyu ya fi shiga haɗarin haɗa tiramadol da mai kama da shi. Na uku shi ne tsarmawa: idan na'urar tana da kaifi, ninka fitsari da ruwa sau 10 ko fiye yana rage cunkoso a bakin allura. Ana kuma iya sauya hanyar ba da caji zuwa wadda ke aiki bayan ruwan ya zama tururi, domin danniya ba ta cika yi mata yawa ba.

Mafi ƙarfin kariya shi ne ɗan rakiya, wanda masana ke kira ma'aunin ciki. Ana ƙera tagwayen maganin da ake nema, a sauya wasu ƙwayoyin zarrarsa da masu ɗan nauyi, kamar diyuteriyom ko kabon 13. Ana zuba adadi sananne na wannan tagwaye a kowane samfur tun farkon aiki. Da yake halinsu ɗaya, duk abin da ya danne magani zai danne ɗan rakiyarsa daidai gwargwado, amma na'ura tana bambance su ta nauyi. A misalin mashigin Ibi, kamar a aiko mutum 10 masu jar hula tare da 'yan garin ne. Idan 6 kaɗai suka tsallako, mai ƙidaya ya san kashi 40 cikin 100 sun rage a baya, sai ya gyara lissafinsa.

Wannan ma yana da iyaka. Tagwayen diyuteriyom wani lokaci sukan riga maganin fitowa da ɗan daƙiƙu, su gamu da mahaɗin da ya bambanta. Na kabon 13 sun fi dacewa, sun kuma fi tsada. Duka ana sayo su ne daga waje da kuɗin ƙetare, na miyagun ƙwayoyi kuma sai da izinin hukuma. Nan ne ɗakin gwajin da kuɗi suka yi masa ƙaranci zai iya jarabtuwa ya yi amfani da ɗan rakiya ɗaya ga magunguna da yawa, ko wanda kamanninsa da maganin na nesa ne.

A gwajin ƙarafa kuwa ana tsarma jini, a zuba wani ƙarfen da ba a saba samu a jiki ba a matsayin ɗan rakiya, a kuma bi da ayon ta cikin wani ɗaki mai iskar hiliyom da ke tare haɗakar argon da kulorin.

Abin da ƙa'idoji suka tanada

Hukumar FDA ta fitar da jagorar tantance irin waɗannan hanyoyin gwaji a 2001, ta sabunta ta a 2018. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar da tata a 2011. A 2022 aka amince da jagora ta bai ɗaya mai suna ICH M10. Ta tanadi a gwada tasirin mahaɗi da samfur daga aƙalla tushe 6 daban-daban, a ƙaramin adadi da babba, kuma kada sakamako ya kauce wa gaskiya da fiye da kashi 15 cikin 100. Ta kuma buƙaci a duba jinin da ya farfashe da mai maiƙo, da na irin majinyatan da za a yi wa gwajin idan akwai shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar Najeriya. Hanyar da aka tantance da jinin masu lafiya a wata nahiya ba ta zama tabbatacciya ga mai sikila a Jalingo ba sai an sake gwada ta da irin jininsa. A cikin gida, majalisar MLSCN da dokar 2003 ta kafa ita ce ke sa ido a kan ɗakunan gwajin lafiya, ma'aunin duniya na ingancinsu kuma shi ne ISO 15189. Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008 da Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka kafa a 2011 suna kusa da al'ummomin da ya kamata a san yadda jininsu ke tasiri a na'ura, kuma tattara irin waɗannan samfura bisa ƙa'idar bincike aiki ne da ba ya buƙatar mallakar na'urar.

Abin da mai karɓar sakamako zai kiyaye

Kafin a ɗebi samfur, mutum ya faɗa wa ma'aikaci duk abin da yake sha: maganin asibiti, na gargajiya, goro da shayi, da kuma ko yana azumi ko yana da sikila ko ciwon hanta. Ma'aikacin da ke aika samfur nesa ya yi amfani da kwalbar da ɗakin gwajin ya ayyana, ya raba ruwan jini da ƙwayoyinsa da wuri idan gwajin ya buƙaci haka, ya adana a sanyin digiri 2 zuwa 8 ko ya daskarar, ya kuma rubuta idan jinin ya farfashe, ya yi fari ko ya yi rawaya.

Idan sakamako zai shafi aiki ko karatu ko aure ko shari'a, mai shi yana da dalilin yin tambayoyi huɗu. Gwajin tsinke ne kaɗai aka yi, ko an tabbatar a na'urar auna nauyi? An yi amfani da ɗan rakiya na ainihin maganin? Ɗakin gwajin yana da shaidar inganci? An ajiye wani ɓangare na samfurin a rufe, domin a sake gwadawa a wani wuri idan an yi jayayya? Likita ko alƙali ko shugaban ma'aikata da ya ga adadi dab da iyaka, ko wanda ya saɓa wa halin da majinyaci ke ciki, ya nemi a maimaita gwajin kafin ya yanke hukunci.